Kujerar Tsakiya da Kaset ɗin Inna

Ina tsaka da tuƙa tuwo da safen nan wayata ta yi ƙara. Issaka ne, ɗan Kumasi. Ko sallama bai ƙarasa ba ya ce, "Hajiya Binta, Malam Hamisu ya rasu."

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Na kashe gas na zauna a ƙasan kicin. Sai can na ga muciyar tana hannuna.

Ga waɗanda ba su san shi ba, Malam Hamisu mutumin Kano ne, mai gyaran kayan sauti a wani kamfani a Ras Al Khor, nan Dubai, inda suke aiki tare da Issaka. Ni kuma kun sani, abinci nake dafa wa 'yan gida a Al Nahda. Shekara shida yana cin tuwona. Miyar kuka, gishiri kaɗan, saboda hawan jini.

"Uwar ɗakina" yake ce mini, alhali ya girme ni nesa ba kusa ba.

Mutum ne mai kunne. Wata rana ya zo karɓar abinci, daga bakin ƙofa ya ji injin markaɗena yana aiki. Ya ce, "Kashe shi, uwar ɗakina, kuka yake yi." Ya tafi da shi, washegari ya dawo mini da shi lafiya lau. Haka ya yi wa fankata.

Amma abin da ba zan manta ba shi ne kaset ɗin Inna.

Shekarar da na zo Dubai, Inna ba ta da waya, kuma ba ta iya rubutu ba. Ta ari rikodar maƙwabta, ta zauna a tsakar gida ta yi mini magana a kaset, ta ba wata mai zuwa sarin kaya Al Sabkha ta kawo mini. Bayan shekara biyu ta rasu, ina nan. Muryarta ba ta ko'ina a duniya sai a kaset ɗin nan. Na yi ta saurare har zaren ya tsinke ya cukurkuɗe. Na naɗe shi a ɗankwali na tura ƙasan akwati.

Da Malam ya ji labarin ya ce in ba shi. Na ƙi.

Na ce, "Malam, in ya lalace a hannunka ba ni da wani."

Ya ce, "In ya zauna a akwati ma zafin ƙasar nan zai cinye shi. Ki ba ni amana."

Na ba shi. Wata biyu shiru. Yana zuwa karɓar abinci, ba ya ɗauko zancen, ni kuma ina jin nauyin tambaya. Raina ya ba ni ya lalace, kunya ce ta hana shi faɗa.

Bara, da sanyi ya fara shigowa, ya ce ana baje kolin kayan sauti a wani otal ranar Juma'a, in zo da ƙawata Rabi. Mu da ba mu san komai ba sai rediyo da sifikar biki.

An kwashe gadajen ɗakunan otal ɗin an jera kujeru, kowane ɗaki da nasa kayan. Mutane na shiga a hankali kamar masu dubiya. Rabi ta raɗa mini, "Wai kiɗa ake, amma kowa ya yi tagumi. Ba mai ko gyaɗa kai?" Malam ya yi dariya har ya riƙe bango.

Ɗakin farko sifikun sun fi Rabi tsawo. Da aka buga ganga sai na ji ta a ƙirjina. Muna fitowa ya ce, "Me kika ji?"

Na ce, "Akwai ƙarfi, amma kunnena ya gaji. Kamar miyar da aka cika wa magi."

Ya tafa hannu. "Issaka, zo ka ji! Shekara nawa ina neman yadda zan faɗi wannan."

Ɗaki na biyu sifikun ƙanana ne, na katako. Injin yana da wasu kwalabe masu ja kamar garwashi, ga baƙin faifai irin na da yana juyawa. Wata mata ce ke waƙa da yaren da ban sani ba. Ina jin ta tana jan numfashi kafin ta ɗaga murya, ina jin yatsan mai kiɗa yana zamewa a kan tsirkiya. Na ce wannan kamar tabarma ɗaya muke zaune da ita.

Na uku kuwa sautin ya yi kaifi, kamar ana goga cokali a faranti. Rabi ta ce maza mu fita kafin haƙoranta su zube.

Na lura da abu biyu. Mutane suna zuwa da nasu kiɗan a saka musu su gwada. Sannan a kowane ɗaki akwai kujera ɗaya a tsakiyar layin gaba da ake bin layi a kanta. Malam ya ce a nan ne sautin dama da na hagu suke haɗuwa, har ka ji mai waƙar a tsaye a gabanka.

Ɗakin kamfaninsu muka shiga a ƙarshe, bayan la'asar. Wani dattijon Balarabe ne a kujerar tsakiya. Malam ya sunkuya ya yi masa magana a kunne, mutumin ya miƙe ya nuna mini kujerar.

Malam ya ce, "Kashe waya. Rufe ido. Kada ki nemi komai, bari ya zo ya same ki."

Na rufe ido.

"Salamu alaikum, Binta. Ni ce, Innarki."

Wallahi a gabana take, ƙasa-ƙasa, daidai tsayin mai zaune a kujerar tsakar gida. Ga kaza tana tono ta hagu. Can nesa ta dama ana daka a gidan maƙwabta. Awarwaronta yana motsi duk sanda ta ɗaga hannu. Na ji tarin Baba daga zaure, shi ma Allah ya ji ƙansa. Sannan na ji tana jan hanci tsakanin magana da magana. Ashe kuka take yi ranar. Shekara da shekaru ina saurare a 'yar rediyota ban taɓa ji ba.

Da na buɗe ido babu kowa sai akwatunan katako biyu. Balaraben yana tsaye jikin bango ya sunkuyar da kai. Rabi ta rufe fuska da gyale.

Malam ya miƙo mini kaset ɗina a gyare, da filashi. Ya ce gefen farko ne kawai. Gefe na biyu dama ban taɓa gane shi ba, muryar tana gudu, siririya kamar ta tsuntsu.

Ya ce, "Batir ne ya gaji sanda take ɗauka, ba Inna ba. Na kwafe shi a kwamfuta. Zan riƙa rage masa gudu kaɗan-kaɗan da kunne, ina gwadawa da gefen farko, har ta dawo muryarta. Aikin Juma'a ne, sai haƙuri."

Talatar da ta wuce na gan shi ƙarshe. Ya rame, sai da ya huta a matakala kafin ya ƙaraso. Ya ce in ƙara masa man shanu kada likita ya ji. Yana karɓar kular ya ce, "Saura ƙiris, uwar ɗakina. Innarki ta iya addu'a."

Na ce, "Me ta ce?"

Ya ce, "Ba ni aka aiko wa ba. Ki jira ki ji daga bakinta."

Ɗazu da azahar Issaka ya zo. Ya ce zuciya ce, bayan sallar asuba, bai daɗe yana jin jiki ba. Ya miƙo mini ambulan da ya tarar a teburin aikin Malam, da sunana a jiki, a ƙasa an rubuta "an gama". Filashi ne a ciki.

Na yi yadda Malam ya koya mini. Na kashe waya, na saka filashin, na zauna daidai gaban rediyo, na rufe ido.

Inna ta gaishe ni, ta ce in riƙe sallah, in rage saurin fushi. Sai ta ce, "Binta, ban san mutanen da za ki tarar a can ba. Duk wanda ya riƙe ki da amana a ƙasar mutane, Allah ya riƙe shi ranar da ba shi da kowa. Allah ya haskaka masa makwancinsa."

Juma'a nawa Malam ya yi yana maimaita maganar nan, kalma bayan kalma, yana gyara mata murya. Bai taɓa gaya mini abin da ta ce ba.

Ya Allah, ga Malam Hamisu nan ya zo maka. Ya riƙe amanata, ni shaida ce. Ka karɓi addu'ar Inna a kansa, ka gafarta masa, ka sanyaya kabarinsa, ka ba iyalinsa na Kano haƙuri. Ka jiyar da shi sautin da ya fi duk wanda ya taɓa ji daɗi.

Ana kan takardun karɓar gawar, Issaka zai sanar da lokacin jana'iza.

'Yan'uwa, ko kun san shi ko ba ku san shi ba, don Allah ku tsaya minti ɗaya ku yi masa addu'a. Inna ta riga ta fara, ku taya ni cewa amin.