Ranar da Na Hau Bayan Babur ɗin Alhaji Kabiru

Cikin duk shekarun da na yi ina kanikanci, ranar da ta ƙi fita daga raina ita ce wadda aka tura mu Nassarawa GRA duba babur ɗin Alhaji Kabiru. Lokacin kuɗin mai sun shigo ƙasa, kowane babban ma'aikaci na neman abin da maƙwabcinsa bai saya ba. Ni kuma, Sabo, shekarata uku ina aiki a wani gareji a Bompai. Na iya kwance inji in mayar, amma ƙa'ida ita ce ba a fara aiki sai fomen ya sa hannu a katin aikin. Fomen ɗinmu Baba Haladu ne, tsohon da ya yi aikin kai wasiƙu a babur tun zamanin Turawa, kuma bai taɓa koyon kewaye-kewaye a magana ba.

Alhaji Kabiru babban jami'i ne a wata ma'aikata, ta hannunsa ake kawo mana gyaran baburanta. Ya yi odar wani ƙaton babur na doguwar tafiya, mai silinda huɗu, da gilashi a gaba da akwatuna a gefe. In ya faɗi, sai ƙarti uku sun taru kafin a tashe shi. Damuwarsa ɗaya ce: ranar Lahadi maƙwabcinsa, wani likita, ya wuce shi a hanyar Wudil da babur ɗin da bai kai rabin nasa ba, har da ɗaga masa hannu.

Muka sami Alhaji a inuwar mangwaro a farfajiyar gida. Ya ce, “A ƙara masa ƙarfi. Ko nawa ne.”

Ni da ƙuruciya, nan take na fara jero masa: a buɗe kafireta mai ya ƙara shiga, a canja salansa, a faɗaɗa silinda a sa manyan fistin. Alhaji yana ta gyaɗa kai, ya sa aka kawo mini lemo mai sanyi. Baba Haladu kuwa ya durƙusa ya shafa taya, ya matsa birki, ya kwance fulogi ɗaya, ya ga ya yi baƙi ƙirin.

“Ranka ya daɗe,” ya ce, “babur ɗin nan lafiyarsa ƙalau. Matuƙin ne ke buƙatar gyara.”

Alhaji ya cire tabarau. “Wato ni ne ban iya tuƙi ba?”

“Ƙarfin da ke cikinsa ma ba ka taɓa rabinsa ba. In muka ƙara, birkin nan ba zai riƙe ka ba. Ni kuwa ba na sa hannu a katin da zai sa Hajiya takaba.”

Alhaji ya ce zai buga wa manajanmu waya. In kuwa aikin ma'aikatar ya kuɓuce mana, irina za a fara sallama. Baba Haladu ya ce a buga, amma tsarin aiki shi ne a gwada babur a titi kafin a taɓa inji. “Ka tuƙa kamar yadda ka saba. Sabo zai hau bayanka.”

Haka na hau. Alhaji na cikin babbar riga ta shadda. Muna hawa kwalta iska ta cika rigar, ta buɗe kamar laima, ta rufe mini fuska. Ina kokawa da shadda ina sauraren inji. Na ji ya sa giya ta ɗaya, ta biyu, ta uku, daga nan bai ƙara ba, sai inji ke ta kuka yana neman a sake shi. Can na ga gefen rigar ya sauka yana lasar ƙafar baya. Na fizgo shi na danne a cinya, ban sake ba har muka dawo. A shataletale kuwa birkin baya kaɗai ya taka, babur ya yi tangaɗi, na yi salati a zuciya.

Da muka tsaya, Alhaji ya ce, “Sabo, faɗa wa tsohon nan abin da ka gani.”

Lemonsa na cikina, amma na ce, “Ranka ya daɗe, giyarsa biyar ce. A ta uku muka je, a ta uku muka dawo.”

“Biyar?” Ya dubi ƙafarsa ta hagu. Na nuna masa bakin rigar, inda taya ta ci shi ya yage. Ya daɗe yana kallo, sannan ya shige gida ba ko sallama.

A hanyar komawa Baba Haladu ya ba ni nawa rabon. “Kai ma ɗin, kwalba ɗaya ta sa za ka yanka lafiyayyen inji.” Kwana biyu ina gaishe shi a daƙile.

Bayan mako guda sai ga Alhaji a gareji, cikin wando da 'yar taguwa, yana tambaya, “Ina tsohon nan da ba ya ta-ido?” Muka wanke fulogi, muka saita kafireta, muka sa sabon birki. Ba mu ƙara komai ba. Asabar uku Baba Haladu yana koya masa sa giya da kama birkin gaba a titunan unguwarsu. Likita dai ya ci gaba da wuce shi, don da Alhaji ya ɗanɗana giya ta biyar sau ɗaya, ya ce ta huɗu ta ishe mai iyali.

Abin da na ɗauka shi ne, mai kaya yakan zo ya riga ya yanke abin da ke damun injinsa, kuma sau da yawa ba a injin abin yake ba. Da na zama fomen, na gwada yi wa wani ɗan kasuwa magana irin ta Baba Haladu, saura kaɗan ya mare ni, kuma shi ke da gaskiya. Tsohon sai ya gama dubawa yake buɗe baki. Ni na kwaikwayi bakin ne, na bar duban.