Ranar da na'ura ta duba fuskata a Makarfi

Ana sallame asuba muka bar Saulawa, ni da jikata mai karatun jikin ɗan Adam. Taro za su yi a Makarfi, su matasan masu bincike, kowa ya nuna wa ɗan'uwansa abin da ya gano game da tsufa. Ni ce shaidarta. Shekara biyu tana bin tsofaffin Saulawa da Dandamisa da Likoro, tana gwada ƙarfin damƙarmu, tana tambayar shekarunmu. In aikin ya karɓu, a sa ta cikin ayarin masu babban bincike. In bai karɓu ba, wahalarta ta tashi a banza.

Hanyar Ikara ta girgiza mini duk wata gaɓa. A tasha aka cusa mu huɗu a kujerar mutum uku, buhun barkono a kan ƙafata, ina atishawa, direba yana "Sannu Iya" bai rage gudu ba. Da muka doshi Makarfi sai gonakin rake, kore shar, hagu da dama. Na taya mazarƙwaila, da na ji kuɗinta na mayar wa mai ita a faifai a hankali.

To, jama'a, sai ɗakin taro. Duk sa'o'in jikokina ne, kowa da kati rataye a wuya, suna karɓar lambar wayar juna, suna dariya da Turanci. Wani ƙudaje yake kiwo a kwalba yana jiran su tsufa. Wata tsutsotsi ne nata. Wani ɓeraye, har abinci yake auna musu. Duk tsufa suke nema, ga tsufa nan zaune a kujerar roba tun hantsi, ba wanda ya ce mata ina kwana. Aka miƙo mini shinkafa da naman da sai mai haƙora talatin.

Ina nan zaune, ina nan zaune, sai jikata ta tashi bayani, wata abokiyar aikinta 'yar Kudan tana juya mini da Hausa. Jikata ta ce ita ba ta dogara da shekarun katin shaida. Da abin da idonmu ya gani take lissafa namu: wa aka haifa kafin wa, wa ke goye da wa lokacin da aka bar fam da sule aka koma naira. Sai wani dogo mai tabarau ya miƙe ya ce wannan tatsuniya ce, ba bincike ba. Shi na'urarsa fuska take dubawa ta faɗi shekaru, kuma da katunan tsofaffi barkatai ya koya mata. Aka tafa masa.

Ya zo ya saita mini waya a fuska ba ko sallama, kamar mai tayin akuya. Na'ura ta faɗi shekaruna, ya karɓi katina ya duba, suka zo daidai. Aka sake tafi.

Nan na dafa sandata na miƙe.

"Ɗan nan, wa ya rubuta katin?"

"Ma'aikacin rajista, Hajiya."

"Yana nan aka yanke mini cibiya?"

"A'a, Hajiya."

"Fuskata ya kalla ya rubuta, yadda abin nan naka ya kalla. Ƙanwata tana aure a Likoro. Ni na goya ta, ni na koya mata tafiya. Ranar rajista tana tashi daga zazzaɓi, duk ta zabge, sai ya ɗora mata shekara bakwai a kaina. Je ka gwada ta, ka dawo ka ce mini yayata ce."

Ɗaki ya ɗauki dariya, ni kuwa ban yi ba. Wata babbar malama mai furfura, shugabar ayarin, ta ɗaga hannu aka yi tsit. Ta tambayi dogon ko ya taɓa bin diddigin kati ko guda ɗaya. Ya ce bai taɓa ba. Ta juya ta ce wa jikata ta kawo mata littattafanta duka, da ita za a yi aikin, kuma daga Likoro za su fara.

Mun iso Saulawa ana kiran magariba. Jikata bakinta ya ƙi rufuwa, ni raina bai huce ba. Na gano an daɗe da rubuta mana ƙarya mu tsofaffin ƙauye, kuma masu boko sun fi gaskata takarda a kan mai ita, ko tana zaune a gabansu tana numfashi. Washegari na aika wa ƙanwata cewa baƙi na tafe. Ta shimfiɗa musu tabarma, ta ba su ruwa, amma kada ta kuskura ta fito da katin nan sai sun zauna sun ji daga bakinta.