Mai Allura, Wadda Ta Mayar da Ɗigo Wurinsa

Haihuwa da ƙuruciya

An haifi marigayiyar a shekarar 1951, a wani gari mai tashar jirgin ƙasa, a gidan da shagon ɗinki yake a gabansa. Mahaifinta tela ne, mahaifiyarta ungozoma. Tun tana shekara bakwai ita ke zura wa mahaifinta zare, domin idonsa ya fara rauni, kuma a nan hannunta ya koyi natsuwa.

Karatu da kama aiki

Ta shiga firamare a 1958, ta kammala kwalejin kimiyya a 1973, shekara guda bayan haka aka ɗauke ta mai kula da na'urori a ɗakin gwaje-gwajen wata jami'a. Aikinta auna matsin tururin sinadarai, wato gano yawan tururin da ruwan sinadari ke saki cikin iskar da mutane ke shaƙa. Ana ɗiga ruwan a wani ɗan kasko da bai kai ƙwayar wake ba, a rufe da murfi mai 'yar ƙofa, na'ura ta dumama shi a hankali har ta nuna zafin da ya tafasa. Sai a sauya matsin iska a sake, har a samu lissafi.

Da murafe masu ƙofa suka ƙare, wasu suka naɗe hannu suna jiran oda. Ita kuwa ta ɗauko allurar mahaifinta ta huda murafe marasa ƙofa da kanta, ta gwada da ruwan sha, lissafi ya fito daidai. Tun daga ranar sunanta ya ɓace, sai Mai Allura.

Aure da iyali

A 1976 ta auri wani ma'aikacin masana'antar fenti, mutum mai barkwanci, wanda kan ce ya auri matar da ke tafasa ɗigo guda wuni guda, amma shayinsa ya huce. Allah ya ba su 'ya'ya huɗu.

Rigimar kundi

A 1983 mijin ya kama tari mai tsanani, haka ma abokan aikinsa na ɗakin haɗa fenti, har likita ya ce da wuya huhunsa ya kai shi shekara biyar. Masu masana'anta suka ce babban kundin sinadarai ya nuna ruwan da suke narkar da fenti da shi ba ya tururi sosai, don haka babu buƙatar fanka ko takunkumi. Hankalinta ya tashi ƙwarai. Ta sa ya kawo mata ruwan a kwalba, ta auna, ta samu ninki goma na abin da ke cikin kundin.

Ta kai sakamakon wurin shugaban sashensu na jami'a, farfesan da bai taɓa taɓa na'urar da hannunsa ba. Ya dube ta ta saman tabarau ya ce, "Baiwar Allah, da allurar ɗinki za ki ƙaryata kundi?"

Ta ce, "Ranka ya daɗe, kundin ba ya kwana da mai tari. Ni ce nake kwana da shi."

Ta maimaita gwajin sau sittin da uku cikin shekara biyu, ta aika wa masu buga kundin sakamakon, tare da murafe goma da ta huda domin su gwada da kansu. A watan Maris na 1986 amsa ta zo. Sun binciko takardar asali, suka tarar tun bugun farko wani mai kwafi ya ajiye ɗigon lissafi a gidan da ba nasa ba, kowa kuma ya yi ta kwafa shekara arba'in. Farfesan ya karanta wasiƙar a gaban taro kamar shi ya yi aikin. Ita ba ta damu ba, domin kafin ƙarshen shekarar an kafa fankoki shida a ɗakin haɗa fenti, an raba takunkumi, tarin mijinta ya fara lafawa.

Ƙarshen rayuwa

Ta zama shugabar ma'aikatan ɗakin gwaje-gwaje a 1994, ta yi ritaya a 2011, bayan ta koya wa ɗalibai fiye da ɗari biyu huda murfi ba tare da hannu ya yi rawa ba.

Allah ya yi mata rasuwa ranar Talata, 9 ga Afrilu, 2019, tana da shekara sittin da takwas, aka binne ta da la'asar a maƙabartar da ke kan tudu bayan tasha. Ta bar 'ya'ya huɗu: babban ɗanta injiniyan ruwa, mai bi masa malamar lissafi, na uku direban jirgin ƙasa, sai autarta likitar huhu, wadda allurar take hannunta yanzu. Ta kuma bar mijinta, wanda likita ya yanke wa shekara biyar. Yana da shekara saba'in da biyar ya kama makararta tare da tsofaffin abokan aikinsa, suka hau tudun nan har bakin kabari, ba wanda ya yi tari.