Wuri na Uku a Gaban Allon Ticha Sulley

Kafin rana ta ɗora haskenta a kan rufin kwanon unguwar Zongo, Kausara ta riga ta kafa teburinta kusa da inda motocin Tafo suke lodi. Koko take sayarwa da ƙosai, shekara goma sha huɗu ke nan. Kokonta akwai citta da kanumfari da barkono, irin wanda mutum zai sha ya share gumi ya sake miƙo kwano. Kowa ya san hannunta. Sunanta ne ba a riƙe ba. Direbobi da mahauta, har matan Asante da ke gangarowa daga Manhyia da kwanukansu, duk Dakes suke ce mata. Takan amsa, domin mai sayar da abinci ba ta zaɓar sunan da za ta amsa, amma ba ta taɓa amsawa da fara'a ba.

Sunan a aji biyar ta samo shi, a makarantar Alfa Tahiru, inda ake karatun Arabiyya da na boko a ƙarƙashin rufi ɗaya. Malamin Turanci shi ne Ticha Sulley, dogon mutum mai tsinin haɓa, wanda ba ya rabuwa da tsumagiya. Yana da hanyarsa ta koyar da kwatance, wato yadda Bature ke cewa wannan dogo ne, wancan ya fi shi, na can ya fi kowa. Ba ya zane a allo. Yara uku yake fiddowa ya jera su a gaba, ya nuna su da tsumagiya ɗaya bayan ɗaya, aji kuwa ya ɗauka da murya guda: tall, taller, tallest. Sai a sake jera wasu uku a kan ƙiba, wasu a kan gajarta. Na ɗaya da na biyu sukan koma benci su manta. Na uku ne yake fita da kaya a kansa. Har yau akwai makanike a Tafo da ake kira Toles, akwai mahauci da ake kira Fates, wato wanda ya fi kowa ƙiba, shi kam har ya sa an rubuta masa sunan a jikin rumfarsa.

Ranar Kausara, kan launin fata aka jera su. Tana da shekara goma sha ɗaya, baƙa ce wuluk, mai sheƙi kamar tukunyar da aka wanke da safe. Ticha ya nuna ta farko, aji ya ce dark. Ya nuna ta biyu, suka ce darker. Da tsumagiyar ta iso kanta sai ya ɗan dakata don daɗin abin, yara arba'in suka buɗe baki gaba ɗaya: darkest. Sau biyar ya sa aka maimaita. Kafin a tashi sallar azahar sunan ya riga ta isa gida.

Tana da shekara goma sha bakwai ta fara shafa man bilicin. Mahaifiyarta Hajo ta yi faɗa, ta jefa kwalba biyu a kwata, Kausara ta sayo ta uku. Shekara goma tana shafawa. Fuskar ta yi haske, daga haske ta koma ja, daga nan baƙin tabo ya sauka a ƙarƙashin idanunta ya zauna. Gaɓoɓin yatsunta kuwa ba su taɓa sauyawa ba. Da wani ƙurji ya ƙi warkewa ta je babban asibitin Bantama, likita ya ce fatar ta zama kamar takarda, ta bar man, ta guji rana, ta guji wuta. Man dai ta bari. Rana da wuta su ne abokan aikinta. Tun daga nan take jawo mayafi har kan kumatu, sunan kuma bai tafi ba, sai ma ƙarin gishiri da ya samu a bakin masu tsokana.

Ɗiya ɗaya Allah ya ba ta, Farhana, wadda ta ɗauko fatar uwarta ta asali ba ragi. Uban, Seini, direban motar shanu ne, ya fi kwana a hanyar arewa fiye da gida. Makarantar Alfa ce mafi kusa, ita ce kuma ke fitar da yara a jarrabawa, don haka can aka sa yarinyar. Kausara ta yi ta ƙirga azuzuwa tana fatan Ticha zai yi ritaya kafin a kai na biyar. Bai yi ba.

Wata Alhamis Farhana ta dawo tana tsalle.

“Mma, Ticha ya ce ran Litinin kada kowa ya yi fashi. Ya canza mana benci. Ni da Hamida da Nasira ya haɗa mu wuri ɗaya.”

Kausara ta ajiye waken da take surfawa. Ta san Hamida, wankan tarwaɗa ce. Ta san Nasira, ta ɗan fi ta duhu.

“Wa ke zaune a ƙarshen bencin?”

“Ni mana. Me ya faru?”

Washegari, da ta sayar da rabin koko, ta bar teburin a hannun maƙwabciyarta ta nufi makaranta. Ta tarar da Ticha a baranda yana duba littattafan yara. Gashinsa ya yi fari, haɓar tana nan yadda take.

“A'a, Dakes. Yau koko har ofis?”

“Ticha, sunana Kausara.”

“Rajista ce ta san Kausara. Me ke tafe da ke?”

“Ran Litinin kada ka tsayar min da yarinya.”

Ya rufe littafin a hankali. “Ke ce za ki koya min aikina? Shekara talatin ina wannan darasi. Akwai nas a Bantama da ta fito daga hannuna, akwai lauya a Accra. Ke da kika tsaya a aji shida.”

“Ka san abin da ya tsayar da ni.”

“Lalaci ne ya tsayar da ke. To bari in gwada ki. Good.”

Bakinta ya motsa kafin ta kama shi. Kalmomi biyun da ke biye, better da best, sun zo har kan harshenta, tsaf, bayan shekara ashirin da biyar. Ya gani, ya yi dariya har da buga cinya.

“Kin gani? Wanda na koya wa ba ya mantawa.”

“Gaskiya ne, ban manta ba. Ka kawo ludayi uku, ka kawo doya uku, ni zan ba ka kyauta. Ka jera su.”

“Yaro ba ya riƙe doya a kansa. Abokinsa yake riƙewa. Kuma wa ya ce baƙi zagi ne? Ni fari ne? Ke ce kika mai da shi zagi, kika je kika dafa fuskarki da hannunki. Wannan ba ni na shafa miki ba.”

Hayaniyar ta fito da Alfa Tahiru daga ɗakinsa, tsoho tukuf, da carbi a hannu. Ya saurari kowa, ya ce, “Ɗiyata, ki yi haƙuri. Malami uba ne, ba zai cuci yaro ba. Ticha, kai ma ka duba.” Daga nan ya koma ciki. Kausara ta san wannan irin dubawa.

Tana iya hana yarinyar zuwa ran Litinin, amma ta san Ticha, zai ajiye bencin har ranar da ta dawo. Tana iya cire ta, amma tsakiyar zango ne, ba makarantar da za ta karɓe ta. Asabar da Lahadi ta yi su tana juya abin, tana ƙona ƙosai.

Ran Litinin ba ta ɗora tukunya ba sam. Tagar aji biyar tana kallon lungu, nan ta je ta tsaya, hannu a kan katako. Yara suka fara waige.

“Matsa daga nan,” in ji Ticha.

“Lungun na gwamnati ne, Ticha. Yi aikinka.”

Ya yi kuwa, da ƙarfi fiye da kullum. Ya jera dogaye uku, aji ya amsa. Ya jera masu ƙiba, aka yi dariya, wani yaro ya sunkuyar da kai. Sannan ya dubi tagar ido cikin ido.

“Hamida. Nasira. Farhana.”

Farhana ta miƙe tana murmushi, ita a ganinta zaɓe ne na girmamawa. Ba ta kai gaban allo ba uwarta ta zagayo ta ƙofa. Kausara ba ta yi sallama ba. Ta dafa kafaɗar yarinyar ta mayar da ita benci, ta wuce ta tsaya kusa da Nasira, ta sauke mayafi daga fuskarta har wuya.

“Wurin nan nawa ne. Kai ka ba ni, ban kuma mayar maka ba. Bismilla.”

“Fita min daga aji!”

“In ka gama darasi zan fita.”

Ticha Sulley ba mutumin da zai ja da baya a gaban yara ba ne. Ya ɗaga tsumagiya ya nuna Hamida, aji ya amsa. Ya nuna Nasira, muryoyin suka ragu. Ya nuna Kausara. Yaran nan kullum suna sayen ƙosai a wurinta, amma ba wanda ya taɓa ganin fuskar a buɗe: jan kumatu, baƙin tabo, jijiyoyi kore suna kwance a ƙarƙashin fata. Ba su san wace kalma ce ta dace da ita ba. Suka yi ta kallon juna.

“Ku faɗa!” Ya zabga wa tebur tsumagiya, ƙurar alli ta tashi.

“Ku faɗa mana,” in ji Kausara, muryarta a kwance. “Iyayenku sun iya ta. Ka tambayi babanka, kai Rafiu, a benci na biyu yake zama.”

Nasira ta fashe da kuka. Hamida ta bi ta. Alfa Tahiru ya iso ƙofa yana salati, ya ce a tashi yara su tafi hutun tara. Darasin ranar a nan ya tsaya, Ticha kuma bai sake komawa kansa ba a wannan zangon. Ya rubuta musu jerin kalmomin a allo ya ce su haddace, wanda ya kasa ya sha bulala.

Ba a yi sulhu ba. Ticha ya mayar da Farhana bencin baya, ya daina kiran sunanta ko ta ɗaga hannu har ya gaji. In zai wuce tasha yakan tsallaka titi don kada ya bi ta gaban teburin koko, in kuwa sun haɗu a wajen suna ko jana'iza, kowa ya kalli wani gefe. Alfa ya aiko a gaya wa Kausara cewa in ta sake taka aji, ta nemi wata makarantar. Shekara ta gaba aka ce Ticha ya ci gaba da jera yara kamar da, 'ya'yan wasu, kuma ba uwar da ta je taga.

Farhana ma ba ta gode ba. Mako guda ba ta yi wa uwarta magana sai dole.

“Kin ba ni kunya, Mma. Yanzu in na shigo sai su ce, ku gudu, ga mamanta nan.”

“Bayan wannan fa? Me suke ce miki?”

“Ba komai. Shi bai isa ba?”

“Zai wuce.”

Ya wuce kuwa. Kafin hutun zango wani yaro ya faɗa cikin kwata da sabon yunifom, aji ya samu abin dariya sabo. Farhana ta zo ta huɗu a Turanci daga bencin baya, ta kawo takardar ta ajiye a kan tebur kusa da kwandon ƙosai, ta ɗauki guda biyu masu zafi ta wuce gida.