Yanka Biyu na Baballe Mai Soya

Duk wanda ya taɓa sayen nama a layin masu soya, wato masu gasa nama, na unguwar Briketeri ya san Baballe, ko da bai riƙe sunansa ba. Shi ne mai ƙaton tumbi da 'yar siririyar murya, wanda ba ya naɗe maka nama sai kun ci tare. Kana tsayawa zai ja wuƙa ya yanko biyu, ya dangwala a yaji, ya miƙo maka tsokar a bakin wuƙa, shi kuma ya jefa mai kitsen a baki. Abin da bai ci ba, in ji shi, ba ya sayar wa ɗan mutane. Wurin yayansa Nata'ala ya gaji wannan ɗabi'a, wanda ya ɗauko shi daga Zariya shekara talatin da suka wuce. Yanzu Nata'alan yana kwance a ɗakin baya, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, kuma Baballe ne ke juya shi safe da yamma.

Da jiri ya fara ɗibar Baballe a gaban wuta, matarsa Talatu ta tisa shi a gaba har asibiti. Aka ɗebi jini. Likitar ta ce kolesterol ne, wato kitse ya yi yawa a jininsa yana cushe jijiyoyi, in bai yi wasa ba hanyar yayansa zai bi. Ta tambaye shi me yake ci.

"Ni? Madam dokta, wallahi ba ni da ci. Koko da safe, ɗan tuwo da yamma, shi ke nan."

Kuma fa bai yi ƙarya ba a ganinsa. A wurin mai soya ɗanɗano ba ci ba ne. Ci sai an wanke hannu an zauna.

Talatu ta ɗaura ɗamara. Manja ya bar gidan, man shanu ya bi shi. Wake, zogale, gasasshen kifi, miyar da ko ƙyallin mai babu, kullum su ke nan. Da an idar da sallar asuba sai Baballe ya saka takalmin roba ya kama hanya, ya ratsa unguwar Madagaskar ya haura tudun Site Bert, yana haki yana tsine wa wanda ya kafa gari a kan tuddai. Masu moto, wato 'yan acaɓa, suna yi masa kirarin 'yan gasar gudu, "Champion, sai marato!" Ya dawo ya juya yayansa, ya tafi mahauta, ya hura gawayi. Wata uku cur yana wannan wahala.

Da aka sake awo, likita ta daɗe tana duban takardar. Abin da ya sauka bai taka kara ya karya ba. Ta ce ko dai yana ɓoye mata wani abu. Ransa ya ɓaci ƙwarai, ya dawo gida ya zube a tabarma ko hula bai cire ba.

"Na gaji, Talatu. Na ci ganye kamar akuya, ƙafata ta ƙare a titi. In kwanciyar ce, a gyara mini wuri kusa da Yaya."

Talatu ba mai zuwa layin soya ba ce, amma washegari ta kai masa wakensa da kanta, ta samu benci a gefe ta zauna, wai tana jiran kwano. Minti ashirin ta yi tana kallon hannunsa yana zirga-zirga tsakanin katakon yanka da baki. Da ya cinye waken, ta wanke kwanon ta dire masa kusa da yaji.

"Baban Firdausi, alfarma ɗaya. Yau kawai, duk yankan da za ka kai baki, jefa shi nan."

Ya yi tsaki, amma ya yi. Hannun kan tashi da kansa, sai ya kama shi a hanya. Kafin la'asar kwano ya cika ya yi tozo. An ɗan yi yayyafi, sanyi ya daskarar da kitsen ya yi fari fat. Baballe ya tsaya yana kallo. Ashe kullum sai ya cinye wannan a tsaye, shekara talatin.

Ana haka sai ga Mohaman, direban taksi ɗan Garwa, wanda ya fi shekara goma yana sayen nama a wurinsa. Baballe ya yanko biyu ya miƙa masa ɗaya. Mohaman ya riƙe nasa yana jira.

"Patron, kai ba ka ci? Nama na jiya ne?"

Wata mata da ke bayansa ta ji, ta zame zuwa teburin gaba. Baballe ya ga tafiyarta, abin ya yi masa ciwo fiye da hawan tudu. Yankan yana bakin wuƙa, yana ƙamshi, kuma loma ɗaya za ta kashe maganar.

"Na yau ne, Mohaman. Jinina ne ya ƙi."

Ya kaɗe shi cikin kwanon. Mohaman ya sayi nasa ba yawan magana ya tafi.

Kafin magariba Baballe ya bar wa maƙwabcinsa wuta ya zo juya yayansa, kwanon yana hannunsa don Talatu ta gani. Ya ajiye shi a bakin gado ya tallabo kafaɗar da ta mutu. Nata'ala ya ƙura wa kwanon ido. Baballe ya gaya masa ko mene ne, a taƙaice, don ba shi da ƙarfin dogon bayani.

Bakin Nata'ala ya karkace, magana sai da ƙyar. Sai da Baballe ya kai kunne sannan ya ji.

"Nawa kwanon ya fi wannan girma."