Kunnen Maigida Kuwabara

Duk makaɗin jitar da ya haura shekara hamsin a Osaka ya san mijina Kuwabara Tomio, ko dai ya san labarin kunnensa. Shekara arba'in da ɗaya yana zaune a shago ɗaya a Nipponbashi, ƙarƙashin gidanmu, yana gyaran fedar jita, 'yan akwatunan nan da makaɗa ke takawa da ƙafa don sauti ya yi kaushi. Da gyaran rediyo ya fara a wurin kawunsa. Ya gwada kiɗa na shekara biyu, jama'ar Osaka suka taimaka masa ya gane ba nan abincinsa yake ba, sai ya koma wa dalma da ƙarfen liƙi. Har daga Hiroshima ake aiko masa da aiki, wai shi ba da mita yake gyara ba, da kunne.

Kunnen nan kuwa ya yi ritaya shekara tara da suka wuce, bai yi wa kowa sallama ba. Ni kaɗai na sani, ni Michiyo matarsa. Yana jin ganga, yana jin magana in an ɗaga murya, amma siririn sautin nan na sama, wanda saboda shi ake zuwa wurinsa, ya tafi. Sau ɗaya na kawo zancen na'urar ƙara ji da ake saƙalawa a kunne, ya kwana biyu bai ci tuwona... wato shinkafata ba.

Ba mu taɓa zama mun shirya komai ba. Wata rana yana ta gwada wata feda, ina bayan labule, sai na ji sautin ya zauna daram, na kawo masa koren shayi. Ya dube ni, ya ɗaure akwatin. Tun daga ranar, in sauti bai yi ba shayin sha'ir nake kawowa, in ya yi kuwa kore. Bayan shekara talatin da wani abu ina shan wannan hayaniya, ko tukunya ce ai ta koya. Shi kuma yakan kurɓa, ya lumshe ido, ya ce wa mai kaya, "Ka ji? Yanzu ta buɗe baki." Mai kaya ya yi ta rusunawa har ƙofa.

Farkon watan Satumba sai ga Nonomura, tsohon direban bas, rungume da fedar da ya saya tun yana saurayi. Shi da abokansa za su yi kiɗa a zauren unguwarsu ranar karrama tsofaffi.

"Maigida, ta mutu," in ji shi. "Haka kawai."

Mijina ya kwance murfin, ya sunsuna. Hanci dai yana nan bakin aiki. "Haka kawai ba ya wari. Me ka jona mata?"

"Batir ne ya ƙare. Sai na ga cajar injin tausar ƙafar matata, bakinta ya shiga daidai."

"Ya shiga daidai! Kai da ka shekara talatin kana tuƙa bas, in bakin tiyo ya shiga tanki sai ka ɗura miya? Abu mai cin wuta bolt tara ka ba shi ashirin da huɗu, kuma a juye. Ai tausar ta tausu!"

Kafasita ta fashe, wannan ba wata wahala ba ce. Matsalar ita ce tiransista ɗaya da ta ƙone, 'yar abar da ke ba fedar muryarta, irin wadda aka daina yi tuni. Mijina yana da kusan sittin a gwangwanin biskit, kuma ba biyun da muryarsu ɗaya. Mita za ta gaya maka wacce ke da rai, amma ba za ta gaya maka wacce ke da daɗi ba.

Ina ajiye tire sai bakina ya suɓuce. Na ce, "Na tuna fedar nan, dama tana da ɗan yaji a sama."

Nonomura ya ce, "Ashe uwargida ma ta san harka!"

Mijina ya ƙyalƙyale da dariya. "Wa? Wannan? Ba ta bambance jita da murfin tukunya. Nata dai shayi."

Abin ya yi mini ciwo ƙwarai, ba zan ɓoye ba. Ban taɓa neman ya gode mini ba, amma ban ɗauka zai yi dariya da ni a gaban baƙo ba.

Washegari ya liƙa tiransista ta farko, ya kaɗa jita, ya saci kallon labule. Na fito da kofi.

"Baban Emi, ga ruwa."

"Ruwa?"

"Ni da ban san komai ba sai shayi, shi ma yau na manta yadda ake dafa shi."

Kwana biyar mai kunne yana shan ruwa. Ya liƙa, ya cire, ya sake liƙawa. Na leƙa na gan shi ya ɗora tafin hannu a jikin lasifika, yana neman sautin ta fatarsa. Tausayinsa ya kama ni har na ɗora buta a wuta, sai na tuna murfin tukunya, na sauke.

Ranar Asabar da rana Nonomura ya dawo. Ya jona jita, ya taka feda, ya kaɗa. Sautin ya fito kamar ƙuda a cikin gwangwani. Bawan Allah ya ji sarai, amma wane shi ya musa wa kunnen Kuwabara? Sai ya zuba wa mijina ido. Da mijina zai lumshe ido ya ce ta buɗe baki, Nonomura zai rusuna, ya kwashi ƙudansa ya kai wa tsofaffin unguwa, sunan shago kuma ya tsira.

Mijina ya dubi labule. Ban motsa ba.

"Nonomura, ajiye jitar nan," ya ce, da ƙarfi irin na wanda ba ya jin kansa. "Shekara tara ke nan ban ji abin da nake gyarawa ba. Matata ce ke ji."

Ya tashi daga kujerar da ba wanda ya taɓa zama a kanta sai shi, ya zare tawul ɗin wuyansa ya goge ta.

"Michiyo," ya ce. Rabon da ya kira sunana tun kafin a haifi 'yarmu Emi. "Zo ki zauna. Ya yi?"

Na shiga kicin na daɗe, don ban so su ga idona ba. Da na fito na ajiye masa kofi a gabansa. Ya leƙa ciki, ya ga na sha'ir ne.

Ya kurɓa. Sannan ya kunna ƙarfen liƙi, ya turo mini gwangwanin biskit.