Kalmar da Yaya Rabi ta bar mini

Shekara bakwai ke nan da rasuwar yayata Rabi, Allah ya jiƙanta. Aikinta a Greensboro, nan Amurka, jinyar wata tsohuwa ce 'yar asalin Sweden, a wani katafaren gida a Irving Park. A can Yaya take kwana, kuma ba ta iya tuƙi ba. Unguwar kuwa in ba ka da mota, ƙafarka a ɗaure take. Ranar Lahadi kaɗai nake zuwa in ɗauko ta.

Tsohuwar ta rikice har Turancinta ya gudu. Duk safiya, in 'ya'yanta da ma'aikatan asibiti suka jeru a barandar da za a bi da ita zuwa wanka, sai ta damƙe hannun Yaya ta ce, "Gatlopp." Yaya ba ta barin abu ya wuce ta. Ta bincika har ta gano horon soja ne na zamanin da. A yarensu gata lungu ne, lopp kuma gudu. Sojoji kan yi sahu biyu riƙe da sanduna, mai laifi ya ratsa ta tsakiya kowa na zabga masa. Sojojin Ingila suka ari kalmar ta koma gantlope, yau ko Bature da wuya ya san ta.

Tana dariya ta ba ni labarin a mota, sai ta juyo ta kalle ni. "Ni ce fa a tsakiyar, Binta. Can gida suna jira, nan ma suna jira. Na gaji, ina so in bari."

Na ce ta ƙara haƙuri, shekara ɗaya kawai. Wata biyar bayan nan hawan jini ya kayar da ita a kicin ɗin mutane, ba ta sake tashi ba. Maganar nan tawa tana cina har gobe.

Da za ta ga yau, da ta tsokane ni, don ni ma jinyar nake yi a unguwar Sedgefield, na kuma kasa bari. Ba ta bar gida ko fili ba. Abin da ya rage mini nata shi ne kunnen jin mutum in ya ce ya gaji.

Makon jiya Hadiza, baƙuwa daga Kumasi, ta kira ni tana kuka daga gidan da take aiki. "Anti, ba zan iya ba." Na je na kwaso ta da jakarta. Tana falona yanzu, ba aiki, kuma wallahi ban san yadda za mu yi ba.